Shin shuka ma tana da garkuwar jiki?

Nasiru Manomi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana harkar noma da ke wannan zaure.

Bana na shuka gyaɗa a gonar mahaifinmu da ke yankin Bichi. Irin a kasuwa na auno shi, 'yar gida ce wadda muka saba da ita. Maƙwabcina, wanda iyaka ce kawai ta raba mu, shi ingantaccen irin gyaɗa mai suna SAMNUT 24 ya samo. Da ruwa ɗaya muka yi shuka. Da damina ta yi tsakiya sai tawa ta daskare: ganyen ya ƙanƙance, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya cure wuri guda, gindin ya ƙi ci gaba. Dattawa suka duba suka ce kuturta ce. Na ɗaga toho na ga darɓa baƙa ƙirin ta lulluɓe shi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne darɓar nan tana gonar maƙwabcina ma, na gani da idona, amma gyaɗarsa shar da ita, sai ɗai-ɗai za ka ga gindin da ya kamu.

Na je wurin wani mai sayar da maganin feshi, ya nuna min wani ruwa a 'yar kwalba, ya ce yana ƙara wa shuka garkuwar jiki. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, don haka ban saya ba tukuna. Ni abin da na sani daga makaranta shi ne garkuwar jiki a cikin jini take, shuka kuwa ba ta da jini. To da me take kare kanta? Me ya sa cuta ɗaya ta kama tawa ta bar tasa? Kuma wannan ruwan zai iya tayar da gyaɗar da ta riga ta kamu? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, domin gyaɗar nan da ita muke sa ran biyan kuɗin makarantar ƙannena.

Baba Mai Gyaɗa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da alheri. Jikana ne ke rubuta min, ni nake faɗa.

Kuturtar nan na san ta farin sani. A 1975, shekarar da Murtala ya hau mulki, ba mu gama farfaɗowa daga farin 1973 ba ta zo ta share mana gyaɗa. Ka fita da safe ka ga gona tun daga farkonta har ƙarshenta ta tsaya cak, ka tuge gindi ka tarar ba ko ƙwaya ɗaya, sai saiwa. Harawar ma ba ta yi abin kirki ba. Mutane da yawa a garinmu daga wannan shekara suka bar gyaɗa suka koma gero da wake, kuma dalar gyaɗar Kano da muka taso muna gani ba ta sake komawa yadda take ba.

Zancen garkuwa na bar wa 'yan boko. Abin da idona ya gani shi zan faɗa maka. Wanda ya shuka da ruwan farko, kuma ya shuka ta da kauri har ganye ya rufe ƙasa da wuri, ɓarnarsa takan zo da sauƙi. Wanda ya makara, ya kuma bar tazara mai faɗi ƙasa na leƙowa, shi darɓa take fara sauka wa. Gindin da ya riga ya kuturce kuwa ban taɓa ganin ya warke ba, duk abin da aka zuba masa. Tuge shi ka binne tun yana ɗai-ɗai. Kuma kada ka bar gyauron gyaɗa a fadama da rani, a nan darɓar ke fakewa har damina ta dawo.

Malam Habu

Malam Nasiru, e, shuka tana da garkuwa. Sai dai ba irin tamu ba ce, kuma bambancin shi ne zai gaya maka ko kwalbar nan ta cancanci kuɗinka. Cututtukan tsirrai nake koyarwa a wata kwalejin aikin gona, don haka ka yi haƙuri idan na tsawaita.

A jikinmu akwai fararen ƙwayoyin jini da ke yawo, duk inda cuta ta shiga su garzaya can, kuma suna koyon sabuwar cuta su riƙe ta, abin da ya sa allurar rigakafi ke aiki ke nan. Shuka ba ta da masu yawo. Kowane tantanin halitta nata, wato ƙananan ɗakunan da jikinta ya ginu da su, a kafe yake cikin bangonsa, don haka kowanne shi ke gane maƙiyi da kansa ya kuma yi faɗa da kansa. Jerin abubuwan da zai iya ganewa kuwa a rubuce yake cikin gadon da ke cikin ƙwayar iri tun kafin ka jefa ta a rami. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe.

Kafin a kai ga faɗa akwai shinge: kakin da ke saman ganye, wanda ke sa ruwa ya gangare a kan ganyen gwaza bai jiƙa shi ba, da bangon tantani mai tauri. Yawancin ƙwayoyin cuta a nan suke tsayawa. Wanda ya tsallake sai ya haɗu da wasu sunadarai da ke jere a fatar tantanin, aikinsu gane alamomin da ƙwayar cuta ba ta iya rabuwa da su. Bakteriya tana da ɗan wutsiya da take iyo da shi, fangas kuma yana da wani abu mai tauri a bangonsa da ake kira kaitin. A wajajen shekarar 2000 ne Thomas Boller da abokan aikinsa a Basel ta ƙasar Suwizalan suka gano sunadarin da ke gane ɗan guntun wutsiyar bakteriya. Da zarar an gane, cikin mintuna kaɗan sinadarin kalsiyam ya kwarara cikin tantanin, shukar ta fitar da haidirojin irin wanda ake wanke ciwo da shi a asibiti, ta fara lafta wa bangon ƙarin kauri daidai inda ake ƙoƙarin huda shi. Har ƙananan ƙofofin numfashi da ke bayan ganye takan rufe. A 2006 wasu masu bincike a Michigan ta Amurka suka nuna haka, suka kuma nuna cewa akwai bakteriyar da ke fitar da guba ta musamman don ta tilasta ƙofofin su sake buɗewa.

Akwai wanda za ka iya gani da idonka a gonarku. Duba ganyen dawa inda ya ji rauni ko inda fangas ya taɓa shi, za ka ga ja ko shunayya ta kewaye wurin. Ba jinin dawa ba ne, guba ce da take haɗawa nan take. Ralph Nicholson na Jami'ar Purdue ya bi abin da madubin ƙara girma a 1990: ƙananan ƙunshi marasa launi suna tasowa a cikin tantanin, su taru daidai ƙarƙashin inda fangas ke son kutsawa, su rine su yi ja, sannan su fashe su zubar masa da abin da ke cikinsu. Jan karan dafi da dukawa ke rina fata da shi dangin wannan sinadarin ne. Duk sanda na kai ɗalibai gona na nuna musu wannan, darasin yakan fi zama a kansu fiye da duk abin da na rubuta a allo.

To amma ƙwayoyin cuta ma ba a zaune suke ba. Waɗanda suka ƙware a kan wata shuka suna tura nasu sunadaran cikin tantanin don su kashe wannan amsa ta farko. A nan mataki na biyu ke shigowa. A cikin tantanin akwai wasu sunadaran ganewa, kowanne yana jiran takamaiman abin da wata cuta ke turowa. Idan ya gane shi, tantanin ya kashe kansa tare da na kewaye da shi, cutar ta tsinci kanta a cikin matacciyar tsoka ba abin ci ba hanyar gaba. Kamar dai yadda ake ƙone ciyawar da ke kewaye da rumbu da gangan don gobarar daji ta iso ta rasa abin kamawa. A ganye za ka gan shi ɗan ɗigo ne ƙanƙane, busasshe, mai kaifin baki, wanda ba ya ƙara faɗi. Tabon da ke ƙara girma kullum yana jan rawaya a gefensa kuwa, wannan cutar ce ke cin nasara. Tun 1915 Elvin Stakman ya bayyana wannan mutuwar gangan a kan hatsi da cutar tsatsa. Sannan a shekarun 1940 Harold Flor, yana aiki a Dakota ta Arewa a kan tsatsar wani tsiro da ake zare da mai da shi, ya gano ƙa'idar: kowace ƙwayar gado ta juriya a shuka tana da takwararta a jikin cutar, sai sun haɗu ne ganewa ke faruwa. Idan shukarka ba ta gaji wannan ƙwaya ba, cutar za ta shiga ta gama aikinta shukar ba ta ma san an shigo ba.

Yanzu ga gyaɗarka. Kuturta bairos ce ke kawo ta, hasali ma abubuwa uku ne ke haɗuwa: bairos biyu da wani ɗan guntun gado da ke rataye da ɗayansu, wanda shi ne ke jawo alamomin da ka gani. Darɓa dako kawai take yi, ta tsotsa a mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Shi ya sa ka gan ta a gonakin biyu. A gyaɗar maƙwabcinka bairos ɗin yana shiga amma ba ya samun damar hayayyafa yadda zai yi ɓarna. Asalin wannan juriya daga gyaɗar manoman kan iyakar Burkina Faso da Kodebuwa aka samo ta a shekarun 1950, bayan annobar da ta auka wa Senegal. Matsalar ita ce waɗancan irin suna daɗewa kafin su nuna, ba su dace da gajeriyar daminarmu ba. Aiki ne na shekaru, na barbara da zaɓe, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ICRISAT, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka yi kafin a samu masu juriya kuma masu saurin nuna irin su SAMNUT 23 da 24. Annobar da Baba ya ambata ta 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Najeriya.

Duk abin da Baba ya faɗa daidai ne, Allah ya ƙara masa lafiya. Gindin da bairos ya riga ya mamaye babu ruwan kwalbar da zai warkar da shi.

Hadiza Ɗaliba

Malam, Allah ya saka da alheri. Ina neman izini in ƙara wani abu daga ɓangaren da nake karatu a kai, wato wake da wuta-wuta, don kada ɗan'uwa Nasiru ya ɗauka cewa da ya samu iri mai juriya shi ke nan ya huta har abada.

Wuta-wuta ba ƙwayar cuta ba ce, tsiro ne mai fure, amma wake yana yaƙarta da irin makamin da Malam ya bayyana. Idan ka wanke saiwar wake mai juriya ka duba, za ka ga inda 'yar wuta-wutar ta manne ya yi baƙi ya bushe, ita kuma ta ƙanjame ta mutu cikin 'yan kwanaki, ba ta kai ga jijiyar ruwa ba. A saiwar wake marar juriya kuwa sai ka ga ƙulli fari ƙato yana kumbura. Wani wake daga Botswana mai suna B301 shi ne ya ba da wannan gado. Ƙwayarsa ƙanana ce, ba wadda za ta yi kasuwa a Dawanau ba, shi ya sa masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA a Kano, ƙarƙashin B. B. Singh, suka yi ta barbararsa da irin da manoma ke so har aka samu irin su SAMPEA 10. A 2009 Michael Timko da abokin aikinsa a Jami'ar Virginia suka ware ƙwayar gadon, sai ga shi irin sunadarin ganewa ne na mataki na biyu.

Ga inda gizo ke saƙar: wuta-wutar wake ba iri ɗaya ba ce a Afirka ta Yamma. Wadda ke Najeriya da Nijar B301 yana gane ta. Amma akwai wata a Zakpota ta Jamhuriyar Benin da ke kama B301 ta ci shi lafiya lau, domin tana tura wani sunadari da ke kashe amsar waken. Haka ya faru da alkama. An daɗe ana dogaro da ƙwayar gado guda mai suna Sr31 a ƙasashe da yawa, sai aka ga wata sabuwar tsatsa a Yuganda a 1998, wadda aka sa wa suna Ug99, ta karya ta. Idan kowa ya shuka iri ɗaya shekara da shekaru, duk ƙwayar cutar da ta dace ta sauya kama ita za ta mamaye ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raina irin gida da na daji. Juriyar kuturta daga gonakin talakawa ta fito. Ƙwayar gadon Xa21 da ke kare shinkafa daga bakteriyar da ke ƙone ganye, wadda Pamela Ronald ta ware a Kalifoniya a 1995, daga wata shinkafar daji ta ƙasar Mali aka samo ta. Tsohuwar da ke ajiye irin kakanninta a tulu, wataƙila abin da za a nema nan da shekara ashirin ne take riƙe da shi.

Nasiru Manomi

Na gode ƙwarai Baba, Malam da 'yar'uwa Hadiza, Allah ya biya ku. Malam, saura abu biyu. Wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp ana cewa a jiƙa asfirin a fesa wa tumatir, wai yana tayar da garkuwarsa. Gaskiya ne? Sannan idan na sayi SAMNUT baɗi, zan iya ajiye iri daga cikinta, ko kowace shekara sai na sake saye? Gyaɗar da na samu bana kuma, tana ɗauke da cutar a cikin ƙwayarta?

Malam Habu

Maganar asfirin tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. A 1961 Frank Ross na Jami'ar Cornell ya sa wa ganyen taba na ƙasa bairos, suka yi irin ɗigon nan na mutuwar gangan. Bayan kamar mako guda ya sa wa ganyen sama, sai ɗigon ya fito ƙanana sosai. Wato ganyen da aka fara kai wa hari ya aika saƙo ta jijiyoyin shukar, sauran jiki ya shirya, kuma shirin yakan yi makonni. A 1979 Raymond White a Rothamsted ta Ingila ya yi wa ganyen taba allurar asfirin ya ga irin wannan sakamako, daga baya aka tabbatar cewa shuka da kanta tana haɗa sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin, idan cuta ta taɓa ta. Har akwai maganin da aka ƙera a kan wannan ilimi, ana sayar da shi da sunan Bion ko Actigard.

Sai dai ka lura da abu uku. Kafin cuta ta zo yake amfani, ba bayan ta kama ba. Rage ɓarna yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya. Kuma shiri yana da tsada a wurin shuka: ƙarfin da ta kashe a kan makami, daga na girma da 'ya'ya ta cire shi, don haka wanda ya yi ta fesawa babu dalili yana iya rage wa kansa amfani, idan kuma ya zarce ma'auni ganyen ya ƙone. Kwalbar da aka nuna maka, karanta jikinta. Idan ba a rubuta sunan sinadarin da ke ciki da lambar rajistar NAFDAC ba, bar ta a inda ka gan ta. Da yawa daga cikinsu takin ganye ne kawai. Takin ma a yi hattara: yuriya idan ta yi yawa tana sa ganye ya yi laushi, masu shinkafa sun fi kowa sanin yadda cuta ke bin gonar da aka cika wa yuriya.

Batun iri kuwa, gyaɗa da kanta take yi wa kanta barbara, furenta yakan gama aikinsa kafin ya buɗe sosai. Don haka za ka iya ajiye irin SAMNUT ka sake shukawa, juriyar tana nan, muddin ba ka bari ta gauraya da wata a wurin shanya ko a buhu ba. Bayan shekara uku zuwa huɗu ka sabunta daga wurin da aka amince da shi. Wake ma haka. Masarar haibirid ce ba a yi wa haka. Kuturta ba ta bin ƙwayar iri, saboda haka gyaɗarka ta bana lafiyayya ce a ci ko a sayar, sai dai idan ka shuka ta baɗi za ta kasance marar juriya kamar uwarta. Ni da ni ne, zan ba SAMNUT mafi yawan gonar, in bar 'yar gida a 'yan kunyoyi, in shuka duka da ruwan farko kuma da kauri yadda Baba ya ce. Ka je ofishin KNARDA, wato hukumar aikin gona ta Jihar Kano, na yankinku tun kafin bazara ka tambayi malamin gona inda ake samun irin da ke da takardar shaida a jikin buhu, domin da ruwa ya sauka nema yakan yi yawa.